Wanda Bai Taɓa Gani, Ji ko Taɓa Komai ba, Zai San Yana Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Likita lafiya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Musu ne ya kaure a majalisarmu a Gwale: a ce an halicci mutum ba ya gani, ba ya ji, ba ya jin ƙamshi ko ɗanɗano ko taɓi, kuma bai taɓa rayuwa ba kafin wannan lokacin, shin zai san yana nan? Wasu sun ce rai ba ya buƙatar jiki kafin ya san kansa, wasu sun ce in babu abin da ya shiga kai, to babu abin da za a sani. Tunda aikinku ne sa mutane barci a ɗakin tiyata, me kuka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka. Musun nan naku ya girmi ganuwar Kano. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi aka ce ya soma gina ta, alhali mutumin da ya tsara wannan tambaya kusan yadda ka kawo ta ya rasu tun 1037 a garin Hamadan na ƙasar Farisa. Shi ne Abu Ali Ibnu Sina, likita kuma masanin falsafa, wanda aka haifa a wani ƙauye kusa da Bukhara wajen shekarar 980.

Ga matsayata kafin dalilai. Tambayoyi biyu kuka cakuɗa, shi ya sa musun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ta ɗaya: mutumin da ya riga ya rayu, in aka toshe masa gani da ji da sauransu, ko tunanin bayansa ya goge, zai ci gaba da sanin yana nan? Ƙwarai kuwa, kuma kullum muna ganin haka a asibiti. Ta biyu, wadda ita ce ainihin taka: wanda tun farkon samuwarsa babu abin da ya taɓa isa gare shi, daga waje ko daga cikin jikinsa, zai iya cewa "ni" a zuciyarsa? A ganina ba zai iya ba. Iyakar abin da za a samu gare shi shiri ne na sani wanda bai sami abin da zai tashe shi ba. Amma shi wannan shirin, ba ido ko kunne ne suka ba shi ba.

A sashen da ya yi magana a kan rai cikin littafinsa Asshifa'u, Ibnu Sina ya ce mutum ya ƙaddara an halicce shi lokaci guda, cikakke, amma an rufe masa ido. Yana rataye a sarari, iska ba ta kaɗa shi balle ya ji ta. An ware gaɓoɓinsa, hannu bai taɓa cinya ba, yatsa bai taɓa ɗan'uwansa ba. Sai ya tambaya, wannan mutum zai tabbatar da samuwar kansa? Ya ce babu shakka zai tabbatar, alhali bai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, bai san tsawo ko faɗi ba. Inda ya nufa shi ne rai daban yake da jiki, tunda an san ɗaya ba tare da an san ɗayan ba. Shi da kansa ya kira abin faɗakarwa, wato yana nuna maka abin da yake ganin ka riga ka sani ka gafala ne kawai. A wani littafin nasa, Al'isharat, ya ƙara da cewa mai barci cikin barcinsa da mashayi cikin mayensa ba sa rabuwa da sanin kansu, ko da sun kasa tunawa daga baya. Ka riƙe wannan maganar, za mu koma kanta.

Inda ya yi daidai, ɗakin tiyata zai shaide shi. Mace ta zo haihuwa ta hanyar aiki, mu yi mata allurar baya. Cikin 'yan mintoci, daga ƙasan ƙirji har tafin ƙafa ya mutu murus. Wata takan rantse ƙafafunta a lanƙwashe suke, alhali mun daɗe da miƙar da su, domin ƙwaƙwalwa ta riƙe yanayin da suke ciki lokacin da saƙo ya yanke. Fiye da rabin jikinta ya fita daga saninta, amma ita tana nan daram, tana salati, tana tambaya ko mace ce ko namiji. Ka kuma tambayi waɗanda aka yanke wa ƙafa a Asibitin Ƙashi na Dala ko ko'ina a duniya, mafi yawansu za su ce maka suna jin ƙafar, tana ƙaiƙayi, wani lokaci har zogi take. Ɗaya tana da ƙafa ba ta jin ta, ɗaya yana jin ƙafar da babu ita. Duka biyun sun nuna cewa ba a gaɓoɓi mai cewa "ni" yake zaune ba.

Sai dai daga nan mutumin Ibnu Sina ya soma samun matsala. A makaranta an koya mana kafofin ji guda biyar ne, amma sun fi haka. Rufe idonka ka taɓa hancinka da yatsa. Ba ka ga hannun ba, ba ka ji motsinsa da kunne ba, to yaya aka yi ka san inda yake? Akwai 'yan ƙananan jijiyoyi cikin tsoka da mahaɗar ƙasusuwa da suke kai wa ƙwaƙwalwa labarin inda kowace gaɓa take, dare da rana. Wani masani ɗan Ingila, Charles Sherrington, ya yi bayanin wannan kafa a 1906. A can cikin kunne kuma akwai wasu ƙananan sassa masu ruwa da suke gaya maka ina ne sama, ina ne ƙasa, su ne suke rikicewa in jiri ya ɗebe ka. Sannan ga na ciki can: bugun zuciya, cikar huhu, yunwa, ƙishirwa, ɗumin jiki, matsuwar fitsari, da ƙuncin nan da ke taso maka in ka riƙe numfashi, wanda jiki ne yake auna gurɓatacciyar iskar da ta taru a jini. Ka rataye mutum a sarari, ka ware masa yatsu yadda ka ga dama, duk waɗannan suna nan suna aiki. In ka ce su ma a kashe su, to ka kashe mutumin, domin da su ake daidaita numfashi da gudanar jini.

A 1971 wani saurayi mahauci ɗan Ingila mai shekara 19, Ian Waterman, ya yi wata rashin lafiya da ta lalata masa jijiyoyin taɓi da na sanin inda gaɓoɓi suke, daga wuya zuwa ƙasa. Tsokarsa lafiya lau, amma in bai kalli hannunsa ba, bai san inda yake ba. Daga baya ya koyi tafiya da ido, yana kallon ƙafafunsa, in wuta ta ɗauke sai ya zube. Bai taɓa shakkar cewa shi ne shi ba. Amma ka lura, jin ciwo da zafi da sanyi ba su tafi ba, kuma kansa da kayan cikinsa ba su daina aika saƙo ba.

An kuma gwada toshe kafofin da gangan. A farkon shekarun 1950, a Jami'ar McGill da ke Kanada, ƙarƙashin Donald Hebb, an riƙa biyan ɗalibai dala 20 a rana su kwanta a wani ɗan ɗaki ba sa yin komai. An sa musu tabarau mai barin haske ya shiga amma ba a ganin siffar komai, da safar hannu da kwali don kada yatsu su taɓa abu, ga ƙara iri ɗaya da ba ta canzawa. Kuɗin masu tsoka ne a lokacin, amma kaɗan ne suka wuce kwana biyu ko uku. Tunani ya riƙa warwatse musu, da yawa suka fara ganin abubuwan da babu su. A 1954 kuma John Lilly a Amurka ya ƙera tankin ruwa mai ɗumi cikin duhu, don ya ga ko ƙwaƙwalwa za ta yi shiru in an hana ta labarin waje. Ba ta yi ba. In ta rasa abin da za ta karɓa, sai ta ɗebo daga rumbunta.

Mu ma muna da namu gwajin ba tare da mun nufa ba. Akwai maganin da ake kira ketamin, muna amfani da shi sosai a ƙasar nan domin ba ya danne numfashi kamar sauran. Yana raba mutum da saƙonnin jikinsa. Wasu manya in sun farfaɗo sukan ce sun ji kamar sun fita daga jikinsu, suna shawagi a wani wuri marar bango, marar ƙasa. Wannan shi ne abu mafi kusa da mutumin Ibnu Sina da ake gani a asibiti, kuma dukkansu haka suke ba da labarin: na tashi, na gani, na tsorata. Mai abin bai ɓata ba. Sai dai kowanensu ya shiga wannan hali ɗauke da harshensa da sunansa da tsoronsa da addu'o'in da ya haddace.

To a cire tunanin baya ma. A 1953 an yi wa wani Ba'amurke mai shekara 27, Henry Molaison, aiki a ƙwaƙwalwa saboda farfaɗiya, aka cire wani sashe daga ɓangarorin biyu. Daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya ajiye sabon abin da ya faru da shi ba, ka fita ka dawo sai ya gaishe ka a matsayin baƙo. Wani masanin kiɗa ɗan Ingila, Clive Wearing, nasa ya fi muni bayan ƙwayar cuta ta shiga ƙwaƙwalwarsa a 1985. 'Yan daƙiƙoƙi kawai yake riƙewa. Ya riƙa rubutawa a kundinsa cewa yanzu ne ya farka a karon farko, in an jima ya soke ya sake rubuta haka. Abin tausayi ne ƙwarai, amma dubi abin da yake rubutawa: yana shaida wa kansa cewa yana nan. Tarihin rayuwa ya yanke, mai rayuwar bai yanke ba. Haka muke gani ga tsofaffinmu da ciwon mantuwa ya kama, kaka ta manta sunan jikanta amma ta san an ɓata mata rai.

Yanzu maganar mai barci. In na tura wa majiyyaci furofofol, wani farin magani da muke fara sa barci da shi, ko minti ɗaya ba a yi ya tafi. Bayan awa uku ya buɗe ido ya ce, "Likita, yaushe za a fara?" A wurinsa babu duhu, babu jira, babu komai tsakanin lokutan biyu. Mai musu da Ibnu Sina zai ce ga hujja nan, an taɓa ƙwaƙwalwa, sanin kai ya ɗauke. Shi kuma zai ce mantawa ya yi. Kada ka yi saurin yi masa dariya. A 1977 wani likitan sa barci a Aberdin ta Sikotilan, Michael Tunstall, ya fito da wata dabara. Kafin a ba da maganin da ke saki tsoka, sai a ɗaure hannu ɗaya yadda maganin ba zai isa can ba. Ana cikin aiki sai a ce wa majiyyaci, in kana jina matsa hannuna. Wasu sukan matsa, kuma in sun farka ba su tuna komai ba. Wani bincike da aka buga a 2017 ya sami kusan mutum 5 cikin 100 suna amsawa jim kaɗan bayan an sa musu bututun numfashi. Kada wannan ya hana kowa zuwa tiyata, domin farkawa ana cikin aiki har a tuna abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma tsare shi ne ya sa muke tsaye a kan majiyyaci daga farko har ƙarshe. Abin da nake so ka ɗauka shi ne rashin tunawa bai isa hujja a kan rashin sani ba. A barci mai zurfi sosai kuwa, inda sassan ƙwaƙwalwa suka daina musayar saƙo, babu wata alama da ke nuna akwai mai sani a lokacin, kuma na fi yarda cewa babu.

Duk waɗannan mutane sun riga sun rayu. Ina wanda bai taɓa ba? Ba a taɓa samunsa ba, har a cikin mahaifa. Ɗan tayi yana fara amsa taɓi a kewayen bakinsa tun wajen mako na takwas. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, na huɗu a Arba'una, ya ambaci kwana arba'in sau uku kafin a busa rai, wato kwana 120, kuma kafin wannan lokaci jikin ya daɗe yana motsi. Wajen wata na shida zuwa na bakwai yana amsa ƙara. Yana tsotsar yatsa, yana haɗiyar ruwan da yake ciki, yana shurin bangon mahaifa bangon yana tare shi. Wani bincike na 1980 ya nuna jarirai 'yan kwanaki suna fifita muryar uwarsu a kan ta wata mace. Saboda haka jaririn da aka yi wa huɗuba a kunne yau da safe, ba yau kunnen ya fara aiki ba.

Akwai gwajin da nake ƙauna ƙwarai, na Philippe Rochat da Susan Hespos a 1997. Ka san in ka taɓa kumatun jariri yakan juyo da baki yana neman nono. Sai suka lura cewa jaririn da bai wuce kwana ɗaya ba ya fi juyowa in yatsan wani ne ya taɓa shi, a kan in hannunsa ne ya faɗa wa kumatun. Tun ranar farko yana bambanta taɓin kansa da taɓin wani. Dalilin a fili yake. In ka taɓa kanka, wuri biyu ne suke ji, yatsa da kumatu, kuma kai ka aika motsin. In wani ya taɓa ka, wuri ɗaya ne, kuma ba ka aika komai ba. Daga wannan ɗan bambanci iyakar "ni" da "ba ni ba" take fara shatuwa. Ibnu Sina ya ware yatsun mutuminsa don kada su taɓa juna, ashe hanyar farko ta sanin kai ce ya toshe.

Sanin kai irin na tsayawa ka dubi kanka daga gefe yana zuwa daga baya. In aka shafa wa yaro jan abu a fuska ba tare da ya sani ba, aka kai shi gaban madubi, sai wajen wata 18 zuwa 24 yake kai hannu ga fuskarsa maimakon madubin. Gordon Gallup ya fara irin wannan gwaji da birai a 1970. Ban cika dogaro da shi ba, domin da aka gwada yara a karkarar Kenya, kaɗan ƙwarai ne suka taɓa alamar, saura tsayawa suka yi cak suna kallo. Duk wanda ya san yaranmu ya san yaron da baƙo ya shafa wa abu ba zai goge a gabansa ba, kunya da tarbiyya ba za su bar shi ba. Amma kowace uwa ta ga abin a gida. Yaro yakan daɗe yana kiran kansa da sunan da yake ji ana kiransa, "Abba zai sha", kafin ya iya cewa "zan sha". Mutane ne suke fara nuna masa shi wani ne.

Shaidar da ta fi kowace kusa da tambayarka ta Helen Keller ce, Ba'amurkiya da aka haifa a 1880. Zazzaɓi ya tafi da ganinta da jinta tana da wata 19, irin abin da sanƙarau da ƙyanda suke yi wa yaranmu a nan. Sai a 1887 malamarta Anne Sullivan ta zo ta koya mata kalmomi ta hanyar rubutu a tafin hannu. Da ta girma ta rubuta cewa kafin malamarta ta zo ba ta san ita wata ce ba, tana so tana fushi tana ci, amma babu tunanin da ke haɗa su. Ka tuna wannan yarinya tana da taɓi da ƙamshi da ɗanɗano, tana da uwa, har tana da 'yan alamomin hannu da ta ƙirƙira a gida. In wadda take da duk wannan ta ce haka, to ina ga wanda ba shi da ko ɗaya? Shi ya sa aikin malaman makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki yake da girma a idona, kuma shi ya sa nake jin ciwo in na ga an ajiye yaro kurma a gida har ya kai shekara goma babu wanda ya koya masa maganar hannu.

Saura kalma ɗaya a cikin ƙaddarawar Ibnu Sina da nake ganin a nan duk nauyin yake, cewa an halicci mutumin cikakke. A shekarun 1960 David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa a watannin farko na rayuwarsu. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma ƙwaƙwalwa ba ta karɓar saƙonsa, sashen da ya kamata ya zama nasa ɗayan idon ya mamaye. Sun sami lambar Nobel a 1981. Wannan ne dalilin da likitocin ido suke gaggawar yi wa jaririn da aka haifa da yanar ido aiki cikin makonnin farko. Tun 1688 wani ɗan Ailan, William Molyneux, ya tambayi masanin falsafa John Locke: makahon da ya san ƙwallo da abu mai kusurwoyi da hannu, in idonsa ya buɗe zai bambanta su da kallo kawai? A 2011 aka buga sakamakon gwajin haka a Indiya, da yara biyar da aka haifa makafi aka yi musu aikin ido. Da farko sun kasa haɗa abin da hannu ya sani da abin da ido yake gani, bayan 'yan kwanaki suka fara iyawa. Ƙwaƙwalwa da abin da ke shiga cikinta tare suke gina juna. Cikakkiyar ƙwaƙwalwar baligi wadda ba ta taɓa karɓar komai ba, ita kanta maganar tana karo da juna, domin cikar tata daga abin da ta karɓa take.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa duk sanda kuka zauna a majalisa kuna ƙaddara wannan mutum. Kai ne kake shiga jikinsa. Kana rufe ido ka ce, ai kuwa ina jin ina nan. Amma mai faɗin haka ya ƙoshi da Hausa, ya san duhu domin ya san haske, ya san shiru domin ya san hayaniyar Kantin Kwari. Ba mutumin Ibnu Sina ka tambaya ba, kanka ka tambaya.

A 1739 masanin falsafa David Hume na Sikotilan ya tafi can ɗaya ƙarshen. Ya ce duk sanda ya leƙa cikin kansa yana neman kansa, sai ya yi karo da zafi ko sanyi, so ko ƙi, daɗi ko ciwo, bai taɓa kama kansa tsura ba, don haka mutum tarin ji ne kawai. A nan ina tare da Ibnu Sina. In haƙorinka yana ciwo, ba ka tsayawa bincike kafin ka san naka ne. Ciwon yana zuwa ne da mai shi. Babu wata kafa ta ji da ke kawo wannan, ido launi yake kawowa, kunne sauti. To daga ina ya fito? Dole akwai mai karɓa tun kafin saƙon ya iso. Ka taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ka ga an tsamo zane daga rijiyar rini? Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi a gaban idonka. Ba iska ce ta kawo baba ba, yana cikin zanen tun a rijiya, amma in babu iskar shuɗin ba zai bayyana ba. Haka nake ganin rai da kafofin ji.

Ɓangaren addini na malamai ne, amma ayoyin sanannu ne kuma na san an jawo su a majalisarku. Aya ta 78 a Suratun Nahli ta ce Allah ya fitar da mu daga cikkunan uwayenmu ba mu san komai ba, ya sanya mana ji da gani da zukata. Ta ambaci kafofin, ta kuma ambaci zukata daban da su. Masu ɗayan ra'ayin za su kawo aya ta 172 a Suratul A'arafi, inda aka fitar da zuriyar 'yan Adam aka sa su shaida a kan kawunansu, aka ce, "Ashe ba Ni ne Ubangijinku ba?" suka ce, "Haka ne, mun shaida." Malaman tafsiri da yawa sun ɗauke ta a kan alkawarin da ya faru kafin zuwa duniya, wasu sun fassara ta da fiɗirar da aka halicci mutum a kanta. Ko wacce ka bi, dubi yadda abin ya gudana. An yi kira ne aka amsa. Ko a can ma, shaida a kan kai ta zo ne tare da magana daga wanin kai, ba a bar rai shi kaɗai a sarari ya gano kansa ba. Hakikanin ruhi kuma aya ta 85 a Suratul Isra'i ta riga ta ce yana daga al'amarin Ubangiji, kuma babu na'urar asibiti da ke auna shi. Abin da muke aunawa alamominsa ne a jiki mai rai.

Kuma alamomin nan suna iya ɓuya, wanda shi ne ya sa tambayarka ta wuce hirar majalisa. Akwai wani irin shanyewar jiki da ke kama tushen ƙwaƙwalwa, mutum ya kasa motsa komai sai ido, alhali yana ji yana fahimta sarai. Wani ɗan jarida Bafaranshe, Jean-Dominique Bauby, ya faɗa wannan hali a 1995, ya kuma shifta littafi guda da ƙifta idonsa na hagu. A wani bincike da aka buga a 2006, masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen a Kambirij ta Ingila ya sa wata mace mai shekara 23 da ta yi haɗarin mota, wadda ba ta amsa komai, cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Ya ce ta ƙaddara tana buga ƙwallon tanis, sannan ta ƙaddara tana zaga ɗakunan gidansu. Ƙwaƙwalwarta ta amsa kamar ta mai lafiya. A 2024 wani babban bincike ya gwada marasa lafiya 241 da ba sa amsa umarni da jiki, 60 daga cikinsu suka amsa da ƙwaƙwalwa, wato ɗaya cikin huɗu.

Mu a nan ba mu cika samun irin waɗannan gwaje-gwaje ba, amma muna da baki da ido. Ina roƙon masu jinya su daina maganar gado ko "ai wannan ya riga ya tafi" a kan gadon wanda yake doguwar suma. A yi masa sallama, a kira sunansa, a gaya masa wane ne ya zo da ranar da ake ciki, a faɗa masa kafin a juya shi ko a goge masa jiki, a yi masa karatu da muryar da ya saba da ita. In idonsa yana buɗewa, a ce ya ɗaga shi sama in amsar i ce, a yi masa tambayar da aka san amsarta, a sake gwadawa da safe da yamma domin farkawar takan zo ta tafi. In ya amsa daidai sau da yawa, a gaya wa likitan da ke duba shi, a nemi a rubuta a fayil ɗinsa, domin hakan yana canza irin kulawar da za a ba shi, har da maganin ciwo.